Darasi na 12: Tafiya da ƙananan yara

A ƙasarmu ana rufe lakwal a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ba a sake buɗewa sai Oktoba. Daga Faransa muka gaji wannan tsari. Can, Yuli da Agusta su ne watannin rana bayan dogon sanyi, kuma a 1936 doka ta fara ba ma'aikata hutun mako 2 ba tare da an taɓa albashinsu ba. Shi ya sa iyali suke kulle gida, su kwashi yara a mota ko jirgin ƙasa, su nufi bakin teku. Mu a Magarya da Dungas waɗannan watanni tsakiyar damina ne. Maigida yana gandu, uwargida tana gamanarta, hatsi ya yi ƙasa a rumbu, sauro ya yi yawa. Yaron da aka ce an ba hutu, ranar da ya ajiye littafi ranar ake miƙa masa igiyar awaki.

Duk da haka muna tafiya, kuma da yara muke tafiya. Haihuwa ba ta jira a gama noma, rasuwa ma haka. Mai jego in ta gama wanka sai ta fita yawon arba'in, ta kai jinjiri gidajen dangi a sa masa albarka. Matar aure tana zuwa ganin gida da goyo a baya da wani a hannu. Wanda za a yaye ana kai shi wurin kakarsa. Ga biki, ga suna, ga gaisuwar mutuwa, ga cin kasuwa, ga yawon Sallah. Duk waɗannan zumunci muke ce musu, zumunci kuwa a ƙafa yake.

Babba in zai yi tafiya, kuɗin mota yake dubawa da nisan hanya. Abin da za mu koya yau shi ne mu auna tafiya da jikin wanda ya fi kowa ƙanƙanta a cikinmu. Ƙishirwar da babba zai daure har la'asar, tana iya kwantar da ɗan shekara 1 kafin azahar.

Wane wata za a tashi?

Akwai tafiyar da ba a zaɓar mata rana, wannan sai dai a yi shiri a dogara ga Allah. Amma ganin gida da ziyara da kai yaro yaye duk ana iya matsar da su, kuma kowane lokaci na shekara da irin nasa sharri ga yaro.

Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yake kai ƙarshen ƙarfinsa, kuma a daidai lokacin tamowa take kama yara saboda abinci ya yi ƙaranci. Duk wanda ya taɓa shiga ɓangaren yara na babbar likitar Magarya a watan Satumba ba sai an yi masa bayani ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a garin tun 2005, kuma a daminar 2018 yaran da aka kwantar sun fi gadajen da ake da su yawa nesa ba kusa ba. Saboda zazzaɓin ne ma'aikatan lafiya suke bi gida-gida sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba, suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi. A Nijar an fara wannan aiki a 2013, Magarya tana cikin wuraren farko. Maganin na kwana 3 ne: na farko a gaban ma'aikaci ake sha, sauran na kwana 2 uwa ce take bayarwa a gida. Kariyarsa kamar mako 4 take yi, sai a sake. To ga inda tafiya take shigowa. Mace ta tashi daga Guci zuwa gidan iyayenta a Bande ana gobe masu magani za su zo. A can kuma ta tarar sun wuce jiya. Yaronta ya rasa na wannan wata ke nan, a lokacin da ya fi bukatarsa. Kafin a sa ranar tafiya, a tambayi ma'aikacin lafiya na gari ranar rabo. In an riga an karɓa, a ƙulle sauran ƙwayoyin a bakin zane tare da katin maganin, kada a bar su a kan jere a ce sai an dawo.

Bazara kuma nata zafi ne da ƙura da sanƙarau, wanda wani lokaci tun hunturu yake farawa. Tsakanin farkon Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023 an ƙidaya mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Damagaram, fiye da rabinsu a gundumar Dungas, kuma ciwon bai tsaya a kan iyaka ba, ya taɓa Jigawa. Ciwo ne mai son cunkoso, haka ma ƙyanda. In an ji labarin ɗayansu a garin da za a je, a bar ƙananan yara a gida, ko a ɗage tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sallah ba ta zama wuri ɗaya. Kowace shekara tana matsowa da kamar kwana 11. A 2025 ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris cikin tsananin zafi, babbar Sallah a farkon Yuni gab da shuka, Mauludi a farkon Satumba cikin ruwa da sauro. Ke nan mai son kai yara kallon Sallar Gani ta Mauludi a Daura a waɗannan shekaru, ya sani a damina zai je.

A ganina, ga tafiyar da ke da zaɓi, babu kamar bayan kaka. An ɗaure hatsi, an sayar da wake da riɗi, akwai ɗan abu a aljihu, hanya ta bushe, sauro ya ja baya. Sai dai a yi wa yaro rigar sanyi da hula, a shafa masa mai saboda hunturu.

Abin da za a ƙulla

Mu dubi kayan mace mai zuwa ganin gida. Ga zannuwan fita, ga kayan kwalliya, ga tsarabar inna da ta baba, sabulu da goro da turare. Duk daidai ne, ba a zuwa gida hannu rabbana. Amma sau da yawa abu 4 ne ba sa ciki, kuma in an cire ruwa, sauran ba su kai nauyin turmin atamfa ɗaya ba.

Na farko sange, wato gidan sauro. Gidan da za ku sauka yana da nasa daidai mutanensa. In baƙi suka zo, yaran baƙi ne suke kwana a tabarma a tsakar gida ba kariya. Wasu mata suna jin nauyin fito da sange a gidan surukai, kada a ce sun raina masauki. Ba raini ba ne. Ki ce, “Inna, na zo da nasa don kada in raba ku da naku.” Babu kakar da za ta ji haushin wannan. A haɗa da igiya da ƴan ƙusoshi, don sange da babu wurin ɗaurewa matashin kai ne kawai.

Na biyu katin likita na yaro. A cikinsa aka rubuta alluran da aka yi masa da nauyinsa da maganin da ya taɓa sha. Tun 2006 dokar Nijar ta ce a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta a likitocin gwamnati. Gaskiya wani lokaci maganin yakan ƙare a ce a je a sayo, saboda haka a riƙe ɗan kuɗi daban wanda ba na tsaraba ba. Da kati a hannu ma'aikacin wani gari zai san yaron cikin minti 1, ba sai ya yi ta tambayar uwar da hankalinta ya tashi ba.

Na uku fakitin gishiri da sukari na gudawa, tare da ƙwayar zinki. Sauyin ruwa da sauyin abinci su ne suke fara taɓa cikin yaro. Fakiti 1 a cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta ake kaɗa shi, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali ko kofi. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zinki kuwa ana ci gaba da shi kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya.

Na huɗu ruwa. Jinjirin da bai kai wata 6 ba, nono ya ishe shi ko da ana zafin Afrilu. Uwar ce za ta sha ruwa da yawa, ta ba shi nono a kai a kai. Kada wata tsohuwa a mota ta ce “ki ɗan jiƙa masa maƙoshi” ki karɓi ruwan da ba ki san daga inda aka ɗebo shi ba. Ki yi mata godiya, ki sa shi a nono. Wanda ya wuce wata 6 a cika masa jarka daga gida da ruwan famfo ko wanda aka tafasa.

Guzuri kowa ya san na gidansu. Abu ɗaya zan ce: gyaɗa da aya da alewa mai tauri ba na ɗan shekara 2 ba ne a cikin motar da ke faɗawa rami, suna iya sarƙe shi. Kunun da aka dama da asuba kuma kada a ba shi da la'asar.

A hanya

A tashi da sanyin safiya. A bazara don a riga rana, a damina don hadari ya fi tasowa da yamma. In ya taso kuna daji, kada ku fake ƙarƙashin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, irinta aradu take faɗa wa. In kun iso korama tana gudu, ku zauna. Ruwan da ya kai wa babba gwiwa ya isa ya tafi da yaro, kuma ƙasan korama yashi ne, yana zamewa ƙarƙashin ƙafa. Ruwan korama ba ya daɗewa, jiran awa 2 bai taɓa kashe kowa ba.

Amalanke ita ce motar yawancinmu tsakanin ƙauye da ƙauye, kuma ba ta da laifi in an sa yara a tsakiya, manya a gefe. Yaro yana son ya zauna a baki yana lilo da ƙafa, nan kuwa taya take.

Babur ya fi ba ni tsoro, kuma shi muka fi hawa. Na taɓa ganin kabu-kabu ɗauke da mace da goyo, da yarinya tsakaninta da direba, da wani yaro a kan tanki yana gyangyaɗi, kansa yana sunkuyawa yana ɗagowa. Direban yana tuƙi da hannu ɗaya yana tare shi da ɗaya, a cikin yashi. Sun isa lafiya, amma ba dabararsu ce ta kai su ba. Haɗarin babur ga yaro iri 3 ne da kowace ma'aikaciyar likita ta sani: salansa ta ƙone masa ƙafa, diddigensa ya shiga waya, ko bakin zane ko hijabin uwa ya naɗe a taya ya fizgo su ƙasa ita da goyon. A tattare zane da hijabi a zauna a kansu. A sa wa yaro takalmi. In yaran sun kai 3 a ɗauki babur 2, kuɗin na biyun bai kai kuɗin ɗori ba.

A motar kasuwa, inda ake cusa mutum kamar buhu, a kwance goyo a dawo da shi cinya. Jinjirin da aka matse tsakanin bayan uwa da kujera, an kuma lulluɓe shi da hijabi, ba ya samun iska, uwar kuma ba ta ganin fuskarsa. Daga Magarya zuwa Damagaram ta Bande da Dogo kusan kilomita 90 ne. Tafiyar ba ta da yawa, zaman jiran mota ta cika a tasha shi ne mai gajiyar da yaro. Uba ya je ya kama wuri, uwa da yara su zauna a inuwa sai an kusa tashi.

Yawancinmu muna da dangi a ƙetare, a Babura ko Ɓaure ko Zango ko Maigatari, kuma mun saba ɗaukar iyaka kamar kan gona. Amma iyaka tana rufuwa. Najeriya ta rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO. Mai bi ta Tinkim ko ta Adare da yara ya tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin ya tashi, ya riƙe katin shaidarsa da takardar haihuwar kowane yaro. Jami'i yana da hurumin tambayar shaidar cewa yaron da ke hannunka naka ne. Wanda bai yi wa ɗansa takarda ba ya je ofishin magajin gari tun tafiya ba ta taso ba. A kuma riƙe kuɗi iri 2, sefa da naira.

“Ɗan wa ne kai?”

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci, kuma wanda ya taɓa shiga kara a ranar ya san babba ma yana iya ɓacewa. Haka filin idi, haka ƙofar fada ranar hawa. In yaro ya ɓata, mutanen kirki za su tsuguna su tambaye shi, “Ɗan wa ne kai?” Sai ya ce, “Ɗan Baba.” “Ina ne garinku?” Sai ya ce, “Gida.”

Ba wautar yaron ba ce, tarbiyyarmu ce ta jawo. Uwa ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗan fari, wani yaron ma sunan kakansa aka sa masa, sai aka laƙaba masa wani suna don kunya. Yana iya kai shekara 4 bai taɓa jin sunan ubansa na yanka daga bakin kowa a gida ba. Ba sai an bar kunya ba. A sa kawu ko gwaggo ko yayansa su koya masa abu 3 kamar waƙa: sunansa, sunan ubansa, sunan garinsu.

Ku da kuke wannan aji kuna da abin da iyayenku ba su da shi, kun iya riƙe alƙalami. Ku rubuta waɗannan sunaye da lambar waya a ƴar takarda, ku sa a leda, ku maƙale ta da fil a cikin aljihun rigarsa. Kuma kada a danƙa ɗan shekara 2 ga ƴar shekara 7 a cikin taro a ce “riƙe ƙanenki”. Ita ma kallo ta zo.

A masauki

Kun iso. Kaka ta fito tana “Oyoyo da maigidana! Me ka kawo mini?” In jikar mace ce ta ce, “Kishiya, kin zo ƙwace mini miji?” Kowa yana son ya ɗauki yaro, kowa yana son ya sa masa wani abu a baki. Hankalin uwa ya tafi hira da ƴan'uwan da ta yi shekara ba ta gani ba. A irin wannan sa'a ce yaro yake sulalewa. Gidanku ya san inda rijiya take da inda murhu yake, wannan gida bai san shi ba. Da isarku uba ko uwa ya zagaya: rijiya a rufe take? Ina kududdufin da aka haƙa don gini? Ina ake ajiye kalanzir da fetur da maganin feshi? Sau da yawa a gorar lemo ake zuba su, yaro kuma gorar lemo ya sani.

Yaran gari za su ja shi wanka a tafki. Bayan haɗarin nutsewa, a ruwan kwance ake ɗaukar tsargiya, mai sa fitsarin jini.

In jikinsa ya yi zafi, kada a ce “gajiyar hanya ce” ko “bari mu koma gida tukuna”. A kai shi likitar da ta fi kusa a ranar, a ɗiga jininsa a gwada. In kuwa ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to ko tsakar dare ne a nemi babur. Ba a jiran izinin wanda yake wani gari a kan wannan. Maigida ya ba da izinin tun a ƙofar gida: “In wani abu ya same shi, ki kai shi likita, ki kira ni daga can.”

Abin da yaro zai gani

Kada yawan gargaɗi ya sa wani ya ce to a zauna gida. Yaron da bai san gidan kawunsa ba, wa zai nema in ya girma? Kuma hanya kanta makaranta ce in babba ya buɗe baki.

Nuna masa gawo. Tambaye shi don me duk itatuwa suka yi kore a damina shi kaɗai ya tuɓe, sai rani ya yi ganye. Faɗa masa saboda haka ne hatsi yake kyau a ƙarƙashinsa, kuma gawon da ya cika gonakin Magarya da Matamaye da Mirriya yawancinsa ba dasa shi aka yi ba, manoma ne suka bar tsiron da ya fito da kansa suka yi masa sassabe, har masana daga wasu ƙasashe suke zuwa kallo. (Matafiyin damina dai ya nemi inuwar tsamiya ko bedi, gawo ba zai ba shi ba.) In kun bi ta fadamun Waca ka saya masa rake, ka nuna masa inda ake shuka ta. A tafkin Lasuri akwai tsuntsayen ruwa da suke zuwa daga nesa, tun 2005 wurin yana cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye.

In Allah ya kai ku Damagaram, ku shiga Birni ya ga duwatsun nan manya da fadar Sarki, ka gaya masa sunan Sarki Tanimun, ka gaya masa nan ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. In Daura ce, ku je rijiyar Kusugu, ya leƙa kana riƙe da shi, ka ba shi labarin Bayajida da macijiya. Ɗan Magarya ba baƙo ba ne a can, don gidan sarautar Magarya, kamar na Zango da na Ɓaure, daga tsohon gidan sarautar Daura ya fito. Ɗan shekara 4 ba zai riƙe duk wannan ba. Zai riƙe dokin da ya gani da raken da ya sha. Sauran sai ya tambaye ka a tafiya ta gaba.

Aiki

1. Lissafi. Dala 200 ita ce jika 1, wato sefa 1000. A ce kuɗin mota jika 2 da rabi ne ga babba, yaron da aka ba kujera rabin haka, na cinya kyauta. Uba da uwa da yaro mai kujera da jinjiri za su je su dawo. Rubuta jimlar da lambobi. Ƙara jika 3 na ko-ta-kwana. Nawa ke nan? Yanzu sake lissafin da ainihin kuɗin mota daga garinku zuwa garin da kuka fi zuwa.

2. Rubutu. Ɗauki ƴar takarda ka rubuta sunan ƙaramin ɗanka ko jikanka, da sunan ubansa, da garinku, da lambar waya. Ba na kusa da kai ya karanta da ƙarfi. In ya yi tuntuɓe a wani harafi, sake rubutawa.

3. Tattaunawa. Mace ta je ganin gida, jikin yaro ya yi zafi da dare, wayar mijinta ba ta shiga, mahaifiyarta ta ce a jiƙa masa sassaƙe a jira safiya. Maza su faɗi abin da suke so ta yi, mata su faɗi abin da yake hana ta.

4. Kafin darasi na gaba, kowa ya je likitar garinsu ya tambayo ranar rabon maganin rigakafin zazzaɓi mai zuwa, ya rubuto ta a littafinsa, rana da wata.